Kimiyyar da ke Cikin Zaɓen Gatarin Tafiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya, ta ratsa yankin Mazanya da Magama, ta shiga Ɗan Isa har zuwa Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ya ga matafiya iri-iri. Ban da masu motoci da babura, akwai makiyaya masu kora garke, da manoman da gonakinsu ke nesa da gari, da mafarauta, da masu neman itace. In aka lura da kyau, za a ga da yawa daga cikin masu tafiya a ƙasa suna saɓe da ɗan gatari a kafaɗa. Da shi ake sare ƙaya a yi wa dabbobi shinge a mashekari, da shi ake fiƙe turke, a sassaƙa dirkar bukka, a faskara itacen dafa abinci, a kuma saro wa dabbobi ganyen gawo da rani idan ciyawa ta ƙare.

Ɗalibanmu ma, musamman 'yan sikawut da waɗanda malamai kan fita da su yawon nazarin tsirrai da ƙasa, sukan buƙaci wannan makami a inda suka yada zango. To, wane irin gatari ya dace da mai tafiya a ƙasa? Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya fi girma shi ya fi kyau. Wannan maƙala za ta nuna cewa gatarin da ya dace shi ne wanda nauyinsa da kaifinsa da ƙarfensa da ƙotarsa suka yi daidai da aikin da za a yi da kuma nisan da za a ɗauke shi. Kuskure wajen zaɓe kan jawo gajiya, ko rauni a wurin da babu asibiti kusa.

Gatari a tarihi

Gatari yana cikin kayan aiki mafi daɗewa a hannun ɗan Adam. A gabashin Afirka masu binciken kayan tarihi sun tono gatura na dutse marasa ƙota, waɗanda aka ƙiyasta sun haura shekara miliyan ɗaya da rabi. Daga baya mutane suka koyi goge dutse ya yi santsi da kaifi, su ɗaura shi a jikin itace. Irin waɗannan duwatsu ne manoma kan tsinta a gona, Hausawa suna kiran su gatarin aradu, domin an ɗauka tsawa ce ta jefo su. Bincike ya tabbatar da cewa aikin hannun mutanen dā ne. A Taruga, kusa da Abuja, an gano matoyan tama na mutanen Nok waɗanda shekarunsu suka kai wajen 2,500, abin da ke nuna daɗewar ƙira a wannan ƙasa.

Akwai kuma wani misali da ya shafi matafiya kai tsaye. A watan Satumba na 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a tsaunukan da ke kan iyakar Italiya da Ostiriya. Ya rayu kimanin shekara 5,300 da suka wuce, ya kuma mutu yana kan tafiya a ƙasa. Cikin kayansa akwai gatari na jan ƙarfe, tsawon ruwansa bai kai santimita 10 ba, ƙotarsa kuwa kimanin santimita 60. Wato tun a wancan zamani matafiyi ya gane cewa ɗan ƙaramin ruwa a kan matsakaiciyar ƙota shi ne daidai da mai doguwar hanya.

Sassan gatari da ire-irensa

Gatari sassa biyu ne: ruwa, wato ƙarfen, da ƙota, wato itacen da ake riƙewa. Gefen ruwan mai kaifi shi ne baki. Hanyoyin haɗa su kuwa biyu ne. A gatarinmu na gargajiya, ruwan yana da tsini a baya. Maƙeri yakan gasa tsinin ya yi ja, ya huda kan ƙotar mai kauri da shi, ruwan ya zauna a ciki. A gatarin Turai kuwa, ruwan ne ke da rami, ƙotar ta shiga cikinsa, a buga wani ɗan itace mai tsini a samanta don ta buɗe ta cika ramin.

Kowanne yana da amfaninsa. Na gargajiya, duk sara ɗaya ƙara tura tsinin yake yi cikin ƙota. Ana iya cire ruwan a naɗe shi cikin kaya, in kuma ƙota ta karye, kowane ƙauye akwai mai iya sassaƙa wata. Illarsa ita ce tsinin yana iya tsaga kan ƙotar in itacen ba mai kyau ba ne, kuma kaurin kan ƙotar kan hana ruwan nutsewa sosai wajen faskaren babban gungume. Na Turai ya fi kyau wajen faskare, ana kuma iya buga turke da ƙeyarsa, amma sake masa ƙota a daji yana da wuya.

Dangane da girma, ana iya kasa gatura gida uku. Ƙarami: ruwansa giram 400 zuwa 700, ƙota santimita 30 zuwa 40, ana sara da hannu ɗaya. Matsakaici: ruwa giram 700 zuwa kilogiram 1, ƙota santimita 50 zuwa 65. Babba, na 'yan faskare da masu kayar da itace: ruwa kilogiram 1.5 zuwa 2, ƙota santimita 75 zuwa 90. Kada kuma a rikita gatari da gizago, wanda bakinsa a gicciye yake kamar na fartanya, aikinsa sassaƙa. Ciyawa da ƙananan rassa kuwa aikin adda ne.

Nauyi da sauri

Abin da ke sa gatari ya nutse cikin itace shi ne makamashin motsi, wato ƙarfin da duk wani abu mai tafiya yake ɗauke da shi. Ana auna shi da jul, kuma ga yadda ake lissafa shi:

Makamashin motsi = ½ × nauyi × sauri × sauri

Alal misali, ruwa mai nauyin kilogiram 1 da ya sauka da saurin mita 10 a daƙiƙa yana ɗauke da jul 50. In aka ninka nauyin ya zama kilogiram 2, za a sami jul 100. Amma in aka bar nauyin yadda yake aka ninka saurin ya zama mita 20 a daƙiƙa, za a sami jul 200. Ninka nauyi yana ninka makamashi sau biyu, ninka sauri kuwa sau huɗu. Saboda haka ruwa mai giram 600 da ya sauka da saurin mita 14 a daƙiƙa yana ba da kimanin jul 59, ya ɗara mai kilogiram 1 da ya sauka da saurin mita 10.

A nan ne tsawon ƙota yake da muhimmanci. Idan mutum ya ɗaga gatari ya sauke, ruwan yana bin hanya mai kama da baka. Gwargwadon tsawon ƙota, gwargwadon tsawon wannan hanya da ruwan zai ci cikin lokaci guda, wato gwargwadon saurinsa ke nan. Itace kuma ya fi ƙarfe sauƙin nauyi nesa ba kusa ba, don haka ƙara wa ƙota santimita 20 ya fi ƙara wa ruwa rabin kilogiram sauƙi ga mai ɗauka.

Sai kuma lissafin kaya. Shawarar da aka saba bai wa masu goya kaya a doguwar tafiya ita ce kada kayan su wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin jikin mutum. Ɗalibi mai kilogiram 50 ke nan kada kayansa su wuce kilogiram 10. Babban gatari da ƙotarsa kan kai kilogiram 2.5, wato rubu'in kayan duka, daidai da nauyin ruwan sha lita biyu da rabi. A zafin bazara na wannan yanki, wanda ya bar ruwan sha don ya ɗauki ƙarfe ya yi mummunan ciniki. Ga mafi yawan ayyukan zango, matsakaicin gatari ya wadatar, ɗaya kuma ya isa ƙungiyar ɗalibai guda.

Kaifi da siffar baki

Kaifi magana ce ta matsi, wato yawan ƙarfin da ya sauka a kan wani ɗan fili. Ana samun matsi ta hanyar raba ƙarfi da faɗin filin da ya sauka a kai. Mu ɗauka bakin gatari yana da tsawon milimita 80. In kaurin bakin kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, filin da ke taɓa itace murabba'in milimita 8 ne. In ya dakushe kaurin ya kai milimita 1, filin ya zama murabba'in milimita 80. Da ƙarfi iri ɗaya, matsin dakusasshen ya ragu sau goma. Shi ya sa mai dakusasshen gatari yake sara goma a inda uku za su isa. Abin lura kuma shi ne dakusasshen gatari ya fi mai kaifi haɗari, domin maimakon ya kama itace sai ya zame ya yi gefe.

Siffar baki kuma tana bin aiki. Gatarin da zai datse reshe a gicciye, ya yanke zaruruwan itace, yana son siririn baki mai kusurwar digiri 25 zuwa 30. Gatarin faskare kuwa ba yanka yake yi ba, raba zaruruwa yake yi bisa tsawonsu, don haka yana son baki mai kauri wanda zai tura itacen gefe biyu. Siririn baki kan maƙale wajen faskare, ya kuma ɓantare a busasshiyar ƙirya ko tsamiya. Mai kauri kuwa yakan yi tsalle in aka sari reshe da shi. Matafiyi, da yake gatari ɗaya zai ɗauka, sai ya nemi na tsaka-tsaki, wanda kumatunsa suka ɗan yi tudu kaɗan a bayan bakin. Wannan tudu yana tokare bakin, yana kuma watsar da ɓawon sara.

Ƙarfen ruwa

Ba kowane ƙarfe ne ke riƙe kaifi ba. Abin da ke bambanta su shi ne yawan sinadarin kabon, wato sinadarin da gawayi ya ƙunsa. Ƙarfen da kabon ɗinsa bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, kamar mafi yawan rodin gini, ba ya taurara sosai, bakinsa lanƙwashewa yake yi. Mai kashi 0.5 zuwa 0.8 cikin ɗari shi ya dace da gatari. Sifirin ɗin mota yana da kimanin kashi 0.6, shi ya sa maƙeranmu suke neman tsohon sifirin don ƙera gatura da adduna.

Samun ƙarfe mai kyau rabin aiki ne, sauran yana ga wuta. Maƙeri yakan hura gawayi, galibi na ƙirya, har bakin ruwan ya yi ja, wato zafin wajen digiri 800 a ma'aunin Salshiyos. Tun daga digiri 770 maganaɗisu ya daina kama ƙarfe, wannan kuwa alama ce mai sauƙin gwadawa. A wannan zafi tsarin ƙwayoyin ƙarfen yakan sauya, kabon ya bazu a tsakaninsu. In aka tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai, sai kabon ɗin ya rasa damar komawa inda ya fito, ƙarfen ya yi tauri ƙwarai, amma ya zama mai saurin karyewa kamar kwalba. Saboda haka sai a sake ɗumama shi a hankali zuwa digiri 200 ko 300, ya rage tauri kaɗan ya sami juriya. Gogaggen maƙeri yana gane wannan mataki ta launin da ke bayyana a jikin ƙarfen, daga ruwan ƙasa-ƙasa mai haske zuwa shuɗi.

Darasi a nan shi ne, in mai injin wasa ya danna gatari har bakin ya yi shuɗi, zafin ya ɓata aikin maƙeri, wurin ya yi laushi. Haka ma wanda ya jefa ruwan gatari cikin wuta don ya ƙone guntun karyayyar ƙota.

Ƙota

Ƙota tana buƙatar itace mai ƙarfi wanda kuma yake ɗan lanƙwasa ya shanye girgizar sara. A ƙasar Hausa an san marke da aduwa da kanya da wannan aiki. Itace mai laushi irin kuka ba ya ƙota. Zaren itacen ya miƙe tun daga mariƙa har zuwa wuya, domin itace ya fi sauƙin tsagewa ta bin zarensa, kuma duk inda zaren ya karkace ya fita ta gefe, nan ƙotar za ta karye. Kan ƙotar gargajiya kuwa an fi son a samo shi daga inda reshe ya haɗu da gindi, domin a nan zaruruwa sun sarƙe da juna, tsinin ruwa ba ya tsaga su da sauƙi.

Itace yana shan laima daga iska, yana kuma sakin ta. Da damina ƙota kan kumbura, da hunturu ta motse, ruwan ya fara girgiɗi. Wasu kan jiƙa gatari cikin ruwa ya kwana. Wannan maganin kwana biyu ne, domin itacen da ya kumbura a cikin matsi zaruruwansa suna murƙushewa, in ya sake bushewa sai girgiɗin ya fi na dā. Abin da ya fi shi ne a yi ƙota da itacen da ya bushe sarai, a riƙa shafa mata mai, in ruwa ya fara motsi a sake zaunar da shi da kyau kafin a ci gaba da sara.

Gwaji kafin saye

Hausawa sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Wanda ya je rumfar maƙera a kasuwar Jibiya ko wata kasuwa, ga abubuwan da zai duba:

1. Ya goga magagari a bakin. In ya ci ƙarfen cikin sauƙi kamar sabulu, ƙarfen ya yi laushi. In ya zame bai kama ba sam, ya yi tauri da yawa, zai ɓantare. Wanda magagari ya kama da ƙyar shi ne daidai.
2. Ya rataye ruwan da zare ya ƙwanƙwasa shi. Lafiyayyen ƙarfe yana da amo mai tsawo, mai tsaga kuwa amonsa gajere ne.
3. Ya miƙa gatarin gabansa ya duba ta tsawon ƙota. Dole baki ya yi layi ɗaya da ƙota, in ya karkace sara zai riƙa zamewa.
4. Ya girgiza shi ya ji ko ruwan yana motsi, ya kuma duba ƙota ko tana da tsaga, ko ido, ko hujin ƙwaro.
5. Ya ɗaga shi sau ashirin kamar yana sara. In wuyan hannunsa ya gaji, ya fi ƙarfinsa.

Kiyaye haɗari

Gajeren gatari, duk da sauƙin ɗaukarsa, yana da haɗarin da dogo ba shi da shi. In dogo ya kuskure itace, yakan daki ƙasa kafin ya iso ƙafa. Gajere kuwa hanyarsa tana ƙarewa ne a kan ƙauri ko gwiwa. Don haka mai sara da gajeren gatari ya durƙusa, ya ɗora itacen a kan gungume. A sari itace a karkace, da kusurwar kimanin digiri 45, ta dama da ta hagu. Kada kowa ya tsaya kusa da mai sara ƙasa da ninki biyu na tsawon hannu da ƙota, kuma kada a yi sara cikin duhu ko bayan an gaji.

A sa baduku ya ɗinka wa bakin kube na fata, a ajiye gatarin cikin kaya, musamman a hanyar kan iyaka inda jami'an tsaro ke bincike. Malamai kuma kada su fita da ɗalibai sai da izinin hukumar makaranta da shawarar mahukuntan yankin game da tsaron wurin. In an ji rauni, a danne wurin da tsabtataccen ƙyalle har jini ya tsaya, a wanke da ruwa mai tsabta, a tafi asibiti. Cutar sarƙe-haƙora ba tsatsa ce ke kawo ta ba, ƙwayoyin cuta ne da ke cikin ƙasa da kashin dabbobi, allurar rigakafi kuwa tana kare mutum daga gare ta.

Gatari da itatuwa

Matafiyi ba ya buƙatar kayar da ɗanyen itace. Busassun rassa sun isa girki, shiga gandun daji da sara kuwa sai da izinin ma'aikatan gandun daji. In dole ne a cire reshe, a fara sararsa ta ƙasa sannan ta sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon gindin. Sara mai tsabta na kaifaffen gatari ya fi saurin warkewa.

Maƙwabtanmu na jihar Maraɗi sun nuna amfanin wannan. Daga 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi aiki tare da manoman yankin a kan wata dabara da ake kira sassaben zamani. Maimakon a share duk tohon da ke fitowa daga kututturen sabara da kalgo da gawo, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Kayan aikin dai su ne gatari da adda da wuƙa, bambancin yana ga sanin abin da za a sare da abin da za a bari.

Aiki a aji

Malami zai iya nuna darussa biyu ba tare da an taɓa gatari ba. Na farko, a saki dutse ɗaya a kan damammen yumɓu daga tsayin rabin mita, sannan daga tsayin mita 2. A na biyun saurin dutsen ya ninka sau biyu, makamashinsa sau huɗu. Ɗalibai su auna zurfin ramukan su kwatanta. Na biyu, a ɗora bulo ɗaya a kan rula da aka kwantar bisa sabulu, sannan a tsayar da rular a kan gefenta a sake ɗora bulon. Ɗalibai su bayyana dalilin da ya sa shaidar ta bambanta.

Kammalawa

Mun ga cewa sauri ya fi nauyi tasiri a sara, kaifi yana ninka matsi, kabon da wuta su ke ba ƙarfe tauri, zaren itace kuma shi ke riƙe ƙota. Ga ɗalibi ko malamin da zai yi tafiyar kwanaki a ƙasa, ruwa mai giram 600 zuwa 800 na ƙarfen sifirin, a kan busasshiyar ƙota ta marke ko aduwa mai tsawon santimita 50 zuwa 60, tare da kube da ɗan dutsen wasa, ya wadatar. Muna shawartar ɗalibai su ziyarci maƙerar garinsu da littafin rubutu, su kalli yadda ake gasa ƙarfe da tsoma shi, su tambayi maƙeri dalilin kowane mataki, sannan su kwatanta amsarsa da abin da suka koya a aji.